AZARE DA DARE: INA BAƘO ZAI JI KIƊA A ƘASAR KATAGUM?

Hausawa sun ce baƙo makaho ne ko da yana da idanu, kuma ba a sanin gaskiyar wannan magana sosai sai dare ya yi wa mutum a garin da ba nasu ba. Da rana kowa yana iya tambayar hanyar kasuwa ko ta asibiti a nuna masa. Amma idan an idar da sallar lisha, ya ci tuwo ya wanke hannu, barci kuwa ya ƙi zuwa, sai ka ji yana tambayar mai masaukinsa, shin a garin nan ina ake zuwa a ji kiɗa? A Azare, babban birnin ƙasar Katagum ta Jihar Bauci, amsar wannan tambaya tana da ɗan tsawo, domin babu wani gida guda da za a nuna maka a ce je ka sayi tikiti ka shiga. Wannan ya sa wasu baƙi sukan kwana biyu su tafi suna cewa garin da magariba yake barci. Alhali kuwa kiɗa yana nan, sai dai yana da lokacinsa da dalilinsa, wanda bai san su ba kuwa zai wuce ta gefensa bai ji ba.

YADDA WASU SUKA YI NASU

Domin mai karatu ya ga inda bambancin yake, bari mu leƙa ƙasar Italiya, wadda ta yi suna a duniya wajen tara baƙi masu zuwa sauraren kiɗa da waƙa. A birnin Milan akwai wani babban gidan waƙa da ake kira La Scala, wanda aka buɗe tun 1778. A birnin Berona kuma akwai wani tsohon dandali na dutse da Rumawa suka gina kusan shekara dubu biyu da suka wuce, tun 1913 aka mai da shi wurin wasannin waƙa a lokacin zafinsu, dubban mutane suna zaune a sarari da dare. Wanda zai je can yakan san ranar wasa, da sa'ar farawa, da kujerar da zai zauna, tun yana gida bai ɗaura kaya ba. Watau su can sun gina wa kiɗa ɗaki, sun yanka masa farashi, wanda ya biya ya shiga, ko ya san wani a garin ko bai sani ba.

Mu kuwa a ƙasar Hausa makaɗi ne yake zuwa inda mutane suke. Yana bin sarki, yana bin mahauci, yana bin manomi, yana bin amarya. Ba a sayar da kujera, wanda aka wasa shi ne yake biya, sauran jama'a su sha kallo kyauta. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Saboda haka baƙon da ya sauka Azare, maimakon ya tambayi wuri, gara ya tambayi wata da rana, ya kuma tambayi gidan wa ake hidima a makon nan.

GARIN DA TARIHINSA

Azare tana kan babbar hanyar da ta taso daga Kano ta bi ta Wudil da Shuwarin da Jama'are, ta zarce Potiskum da Damaturu har Maiduguri, tsakaninta da Kano kimanin kilomita 200 ne. Wasu hanyoyin kuma sun fita zuwa Misau, da Yana da Shira, da Gadau. Gari ne na mahaɗa, inda Fulani da Hausawa da Barebari da Kare-kare da Badawa suka daɗe suna cuɗanya, kuma kunnen mai sauraro yakan tsinci wannan gauraye a cikin kiɗan ƙasar.

Akwai wani abu da yakan rikita baƙo, wanda ya kamata a warware shi tun da wuri. Azare ita ce hedkwatar Ƙaramar Hukumar Katagum, nan ne kuma fadar Mai Martaba Sarkin Katagum take. Amma garin da ake kira Katagum shi kansa yana can arewa, kimanin kilomita 70, a bakin kogin Jama'are, shi ne kuma hedkwatar Ƙaramar Hukumar Zaki. Malam Ibrahim Zaki, ɗaya daga cikin masu tutar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, shi ya kafa shi a zamanin jihadi. Sai a farkon mulkin Turawa aka taso da fada zuwa Azare, tambura da kakaki suka biyo sarki.

A can tsohon birnin ne aka yi wata tarbar baƙi da ta shiga littafi. A watan Janairu na 1824 wasu Turawan Birtaniya biyu, Kyaftin Hugh Clapperton da Likita Walter Oudney, suka iso Katagum daga Barno, a zamanin Sarki Ɗankauwa. Clapperton ya rubuta cewa tun ba su shiga gari ba mahayan dawakai suka fito tarbarsu da makaɗa, da wasu mawaƙa biyu suna yabon ubangidansu, har ya rubuta abin da ya ji na waƙar a cikin labarin tafiyarsu da aka buga a 1826. Oudney bai yi nisa ba, ya rasu a Murmur cikin watan nan. Abin lura a nan shi ne, waɗannan baƙi ba su nemi kiɗa ba, shi ya fito ya tarye su a kan hanya, domin baƙin sarki ne. Shekara 200 ke nan, kuma har yau a ƙasar nan baƙon da yake da mai masauki shi ke jin kiɗa.

KIƊAN FADA

Wanda yake son ya ji kiɗan Katagum a cikin cikakkiyar kwalliyarsa, to ya daidaita tafiyarsa da Sallah, ƙarama ko babba. A lokacin ne hakimai suke shigowa Azare da dawakansu da makaɗansu domin hawa, kowane da irin takensa. Tun daren jajibere gari yake ɗaukar amo. Tambari, wanda ba a kaɗa wa kowa sai sarki, sautinsa a ƙirji mutum yake jinsa kafin ya kai kunne. Kakaki, dogon bututun nan na ƙarfe, kalmomi ne yake furtawa ga wanda ya iya saurare. Ita kuwa algaita, wadda ƙasashen gabas maƙwabtan Barno suka fi ƙwarewa a kanta, mai busa ta yakan cika kumatunsa da iska, yana shaƙa ta hanci yana fitarwa ta baki a lokaci guda, har ya yi dogon busa ba tare da sautin ya yanke ba. Baƙo ya tsaya kusa da mai algaita ya dubi kumatunsa da yatsunsa, zai san cewa wannan ilmi ne da ake shekaru ana koyo.

A al'adar fadojin ƙasar Hausa, daren Juma'a, watau Alhamis da dare, lokaci ne na masu busa da makaɗan sarki a ƙofar fada. Saboda haka wanda ya sauka ranar Alhamis ya yi tattaki zuwa ƙofar fada, ya gai da dogarai cikin ladabi, ya tambaye su abin da ake ciki. Haka kuma duk ranar da aka ji za a yi naɗin sarauta, to ranar makaɗa ce tun safe har dare, a fada da kuma gidan wanda aka naɗa. Masarautar ta ga sauyin sarki a watan Disamba na 2017, lokacin da Allah Ya yi wa Alhaji Muhammadu Kabir Umar rasuwa bayan shekara 37 a kan gado, ɗansa Alhaji Umar Faruk na Biyu ya gaje shi. Sarki yakan wuce, tambari ya jira na gaba.

KAKA DA BIKI

Idan damina ta ɗauke, aka girbe gero da dawa, aka sayar da gyaɗa da riɗi da wake, kuɗi ya shiga hannun mutanen karkara, to lokacin kalangu ya zo. Da kaka ne ake ɗaura yawancin aure, da kaka ne ake kafa dambe da kokawa. Kalangu asalinsa kiɗan mahauta ne, su ne kuma aka sani da dambe tun kaka da kakanni, shi ya sa duk wanda yake neman labarin inda za a yi wasa, rumfar mahauta ita ce ofishin tambayarsa. Mai kalangu yana matse tsarkiya a hammatarsa yana sassautawa, fata tana ɗaga murya tana saukewa kamar harshen mutum, har ya kira ɗan dambe da takensa, shi kuwa ya zabura ya fito fili yana kirari, jikinsa na tsuma. A ƙauyukan Gamawa da Itas da Giyaɗe da Shira, daren farin wata na kaka shi ne daren dandali, 'yan mata suna gaɗa da tafi, samari suna kewaye. A rugagen Fulani kuma akwai sarewa, da sharo idan lokacinsa ya yi.

A cikin gari, biki shi ne babban gidan kiɗa. Sai dai yana da ƙofa biyu. Ta waje ta maza ce, inda maroƙa da 'yan kalangu suke tsayawa a ƙofar gida ranar ɗaurin aure. Ta ciki ta mata ce, inda ake kiɗan ƙwarya, irin wanda marigayiya Barmani Coge, wadda ta rasu a 2013, ta kai shi kowane kunne a ƙasar nan. Ana kifa ƙore a ƙasa, wata kuma a kifa ta a kan ruwa, ana bugawa da 'yan sanduna, zabiya tana bayarwa ana amsawa. Wannan wurin ba na baƙo namiji ba ne, rabonsa abin da ya tsallako katanga. Baƙuwa mace kuwa, in ta sami wadda za ta riƙe hannunta ta shiga da ita, ta fi mijinta sa'ar tafiya.

AZUMI DA MAULIDI

Akwai wasu darare masu daɗin sauraro waɗanda ba na makaɗan sana'a ba ne. Idan azumi ya kai kwana goma, yara sukan fito tashe bayan an sha ruwa, suna bi gida gida da gwangwanaye da tsummoki da gemun auduga, suna kwaikwayon tsoho da malami da mai magani, ana dariya ana ba su hatsi ko 'yan kuɗi. Wanda ya zauna a ƙofar gida a wata tsohuwar unguwa ta Azare a goman tsakiya, wasan kwaikwayo da waƙa za su zo su same shi har inda yake zaune.

A watan Rabi'ul Awwal kuma zawiyoyi da makarantun Islamiyya na masu yin Maulidi sukan raya dare da karatun Ishiriniya da waƙoƙin bege, sha'irai suna karɓa-karɓa har tsakar dare. Waɗannan majalisu na ibada ne, ba a zuwa da niyyar shaƙatawa kawai. Wanda ya je ya tuɓe takalmi, ya nemi gefe ya zauna, ya kame bakinsa.

DAREN YAU DA KULLUM

To, idan ba Sallah, ba kaka, ba biki fa? Nan ma garin ba ya rasa abin da zai ba baƙo. Bakin tasha da gefen babban titi su ne suka fi daɗewa ba su yi barci ba, saboda direbobin manyan motoci masu yada zango tsakanin Kano da Maiduguri. Ga mai tsire yana juya tsinke a bakin wuta, ga mai balangu, ga mai soya kifi, ga mai rake. Teburin mai shayi kuwa shi ne majalisar dare, a nan ake warware siyasar Abuja da ta Bauci, a nan ake musun ƙwallo, rediyo ko wayar wani tana ta rera waƙa. Gidajen kallon ƙwallo sukan cika maƙil da samari duk daren da manyan ƙungiyoyin Turai suke wasa. Ɗalibai da ma'aikata sun ƙara wa garin jama'a, ga Kwalejin Ilmi ta Aminu Saleh, ga Jami'ar Tarayya ta Kimiyyar Lafiya da aka kafa a 2021, ga kuma jami'ar jiha a Gadau, wadda yanzu take ɗauke da sunan Sa'adu Zungur.

Amma fa a nan ne mai lura zai ga abin da ya sauya. Waƙar da take fita daga wayoyin nan da na'ura aka haɗa ta a ɗakin ɗaukar murya, galibi a Kano ko Kaduna. A gidajen biki ma, musamman na masu hali, mai sa faifai da manyan lasifikoki ya karɓe filin, shi kaɗai yana yin aikin mutum bakwai, kuɗinsa kuma bai kai nasu ba. Dattawa suna ba da labarin zamanin da irin su Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, da Ɗanmaraya Jos mai kuntigi, wanda ya rasu a 2015, da Haruna Uji mai gurmi na maƙwabciya Haɗeja, suke yawo gari gari, mutane suna ganinsu ido da ido. Yaron yau ya san muryoyinsu, amma da wuya ya taɓa ganin yadda ake ɗaure tsarkiyar kalangu.

ABIN DA YA JAWO HAKA

Dalilan suna da yawa, kuma ba a ɗora wa mutum ɗaya laifi. Na farko shi ne arahar na'ura, kamar yadda muka faɗa. Na biyu, tun da aka ƙaddamar da Shari'a a Jihar Bauci a 2001, jama'a da hukuma suka ƙara sa ido a kan wuraren da ake haɗa kiɗa da giya da cakuɗar maza da mata. An rage ɓarna da yawa, sai dai kukuma da goge, waɗanda aka daɗe ana jingina su da irin waɗannan wurare, ba su sami wani tsaftataccen fili da za su koma ba. Na uku shi ne tsoro. A ƙarshen 2014 bama-bamai sun tashi a Azare, har da tashar mota da Kasuwar Jagwal, aka yi asarar rayuka, Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Mutanen da suka ga haka ba su yi laifi ba in sun daɗe suna gudun taron dare. Na huɗu kuwa, kiɗa a ƙasar Hausa sana'ar gado ce, ɗan makaɗi da ya ga ubansa ya wuni bai samo na cefane ba, sai ya kama tuƙin Keke ko gyaran waya.

Kada wani ya ce abin da aka gada ba ya ɓata. A wannan yanki namu ne aka yi harsunan Shiranci da Teshenanci da Auyakanci, waɗanda masana harsuna suka lissafa cikin waɗanda suka mutu. Mutanensu suna nan, jikokinsu suna Hausa, amma waƙoƙin da kakanninsu suka yi na noma da na aure da na reno sun tafi tare da harsunan. Taken kalangu da na algaita ba a rubuce suke ba, a hannu da kunne suke. Duk tsohon makaɗin da aka binne bai koya wa kowa ba, an binne shi da abin da ba za a sake samu ba.

GUZURIN BAƘO

Ga wanda ya yi niyyar zuwa, ga 'yan shawarwari. Da ɗan gari akan ci gari, saboda haka ya nemi wanda zai yi masa jagora, kada ya kama yawon dare shi kaɗai a unguwar da bai sani ba. Ya sa tufafin mutunci. Ya nemi izini kafin ya ɗaga waya ya ɗauki hoton kowa, balle mata. Idan makaɗi ya ambaci sunansa ko na garinsu, to ya san an ɗora masa nauyi, ya ba da abin da ya sawwaƙa ta hannun sanƙira. Ya kuma tuna cewa dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007 ta hana watsa takardun Naira ko tattaka su a wurin biki, saboda haka miƙawa hannu da hannu ta fi. Ya kuma koma masauki da wuri, tun titi bai yi tsit ba.

KIRA GA MASU GARI

Ba muna cewa a gina wa Azare irin gidan waƙar Milan ba ne, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Amma akwai darasi guda da za a ɗauka daga can, shi ne sanya rana. Da masarauta da ƙananan hukumomin ƙasar Katagum da manyan makarantun nan za su haɗa kai su keɓe dare ɗaya a kowane wata, a fili mai haske da tsaro, a fara bayan lisha a tashi kafin ƙarfe goma sha ɗaya, maza a gefe mata a gefe, a gayyato masu algaita da kalangu da gurmi da sarewa daga garuruwa bi da bi, da makaɗi ya sami abin sa wa a aljihu, da ɗansa ya ga dalilin koyo. Gidan Rediyon Jihar Bauci ya ɗauki sauti, ɗaliban Hausa na kwaleji su zauna da dattawan makaɗa su rubuta kowane take da ma'anarsa da wanda ake yi wa. Attajiran garin, waɗanda Allah Ya yi su da yawa, ɗaukar nauyin dare guda ba zai gagare su ba.

In an yi haka, direban da ya taso daga Maiduguri da malamin da aka turo aiki daga Sakkwato za su san ranar da za su kwana a Azare, mai masauki kuma zai sami amsar da zai ba baƙonsa ba tare da ya sosa ƙeya ba. Allah Ya zaunar da ƙasar Katagum lafiya, Ya ja zamanin Sarki, Ya kai matafiya gida lafiya, amin.